Ga Ƙamus a Aljihu, Ga Ƙarancin Kalmomi a Baki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da ɗalibai da iyayensu da 'yan'uwanmu malamai, musamman na nan Zariya da kewaye. Mu malaman Turanci ne, wasunmu a sakandare, wasu a manyan makarantu. Maganarmu a kan ƙamusun Turanci na intanet ce, wanda kusan duk mai wayar Android yake yawo da shi, amma ƙalilan ne suka san yadda ake cin moriyarsa.

Ga yadda abin yake faruwa, daga Samaru har Kongo, daga Tudun Wada har cikin birni. Ɗalibi yana karatu ya ci karo da kalmar "capital". Ya zaro waya, ya rubuta ta, ya karanta layin farko, ya ga babban birni, ya ce ya gane, ya mayar da waya aljihu. Alhali littafin da ke gabansa na kasuwanci ne, kuma a nan jari ake nufi. Da ya ɗan ja shafin ƙasa, da ya ga ma'anar jari, ya ga babban baƙi a rubutu, ya ga "capital punishment" wato hukuncin kisa. Haka "interest", wanda ya tsaya a layin farko zai tafi da sha'awa, ya bar kuɗin ruwa a baya. Wannan leƙen na daƙiƙa biyar ba duba ƙamus ba ne. Shi ne kuma ya sa ɗalibi zai duba kalma ɗaya sau goma a zango guda, ta ƙi zama.

Mu fara da wane ƙamus za a buɗe, domin tun daga nan ake yin ɓatan kai. Ƙamusun Turanci zalla iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta domin wanda aka haifa da harshen, akwai wanda aka rubuta domin mai koyo. Na farkon zai bayyana maka kalma mai wuya da wata wadda ta fi ta wuya, ka shiga neman ma'ana ɗaya ka fito da bashin uku. Na biyun an gina shi ne da sanin cewa mai karatu baƙo ne. Wani malami Bature mai suna A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, shi ne ya assasa wanda ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fitar da shi a 1948. Shi ne dai ƙaton littafin nan da iyaye ke saya wa yaro in zai shiga sakandare, yanzu ga shi kyauta a shafin Oxford Learner's Dictionaries. Longman Dictionary of Contemporary English ya fito a 1978, kuma abin da ya bambanta shi shi ne ana bayyana ma'anoni da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000 kawai. Collins COBUILD, wanda aka fara a Jami'ar Birmingham ya fito a 1987, yana ba da ma'ana cikin cikakkiyar jimla, kamar malami na yi maka bayani baki da baki. Ga kuma Cambridge Dictionary. Duk huɗun ana buɗe su a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba, in ban da data. Merriam-Webster ƙamus ne nagari, amma na Amurka ne, kuma ainihinsa ba don mai koyo aka yi shi ba. Rubutunmu na makaranta da na ofis ya fi bin na Ingila, "colour" da "centre", ba "color" da "center" ba. Kowanne mutum ya zaɓa ya riƙe shi, kada ya gauraya su a takarda ɗaya.

A namu ganin, wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba ya fara da Longman ko Cambridge. A zaɓi ɗaya a zauna da shi wata uku har ido ya saba da alamominsa, a ajiye na biyu don ranar da bayanin na farko bai gamsar ba. A buɗe shafin a Chrome, a danna ɗigo ukun nan na sama, a zaɓi "Add to Home screen", sai alamarsa ta zauna a fuskar waya kamar manhaja. Wannan ya fi a shiga Play Store a sauko da duk abin da aka ga an rubuta ƙamus a jikinsa. Da yawa daga cikinsu talla ce aka lulluɓe da 'yan kalmomi, wasu ma suna aron sunan manyan ƙamusoshi. A duba sunan kamfanin da ya wallafa manhajar kafin a sauko da ita.

To ina matsayin Hausa? Ba mu cikin masu cewa a haramta wa ɗalibi ƙamusun Turanci da Hausa. Garin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma buga ƙamusun Turanci da Hausa na Neil Skinner, bai kamata a ji wannan magana daga bakin malamansa ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a intanet ana bincika shi, ga na Roxana Ma Newman na Turanci zuwa Hausa da ya fito a 1990. In kalmar sunan abu ce da ake gani da ido, irin "donkey" ko "ladder" ko "tamarind", a ce jaki, tsani, tsamiya, an gama, ba sai an yi dogon Turanci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne aikatau. Bahaushe yana shan ruwa, ya sha magani, ya sha taba, ya sha iska, ya sha wahala. Bature kuma kowanne da kalmarsa: "drink", "take", "smoke", har zuwa "suffer". Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci wasa, a ci amana: "eat", "pass", "win", "betray". Muna jin magana, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji Turanci. Daga nan ne "I am hearing smell" da "he drank his medicine" a kan ƙwayar magani suke fitowa. Aro ma haka: na ari biro, ara mini biro, tushe ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa "borrow me your pen" ta zama ruwan dare, alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke "borrow". Ƙamusun da ke jera kalma da takwararta ba zai raba wannan gardama ba, haka ma manhajar fassara. Su buɗe maka ƙofa, amma ƙamusun mai koyo ne zai zagaya da kai cikin gidan.

Yanzu ga yadda ake karanta bayanin kalma, kuma a nan muke so mu daɗe, don shi ne abin da ba a koyarwa.

Kafin a taɓa waya, a sake karanta jimlar da kalmar ta fito a ciki, a tambayi kai: suna ce, aikatau ce, ko sifa? A kuma yi hasashen ma'anarta. Wannan ɗan jinkirin yana da amfani biyu, yana nuna maka sashen da za ka nufa a shafin, kuma kalmar da ƙwaƙwalwa ta ɗan wahala a kanta ta fi zama. In kalmar ta zo da ƙari, irin "denied" ko "studies", a nemi tushenta, "deny" da "study". Sannan a bi ma'anonin da lambobinsu, 1, 2, 3, har ƙasa, a ɗauki wadda ake zato a mayar da ita cikin jimlar a gani ko ta zauna. In ba wadda ta zauna, to wataƙila ba kalma ɗaya ce a gabanka ba. "Put up with" ba ta da alaƙa da ajiyewa, haƙuri da abu take nufi. "Call off" sokewa ce, "look after" kula ce. Irin waɗannan suna can ƙasan shafi ko a shafinsu na kansu, sai a rubuta su gaba ɗaya a wurin bincike.

Bayan ma'ana sai 'yan alamomin nan da ido ke tsallakewa. A gaban suna, Cambridge kan sa harafin C ko U, Oxford da Longman kan rubuta "countable" ko "uncountable". U na nufin ba a ƙirga shi, ba ya ɗaukar jam'i, ba a sa masa "a" ko "an". Wanda ya san wannan harafi guda ya rabu da "informations", "advices", "furnitures", "equipments" da "luggages", waɗanda ke cinye makin ɗalibanmu a insha'i kowace shekara. Mu a Hausa muna cewa shawarwari da bayanai, shi ya sa hannu ke zuwa ga jam'in da kansa. In ana son shawara guda sai a ce "a piece of advice", kuma ƙamus zai nuna hakan a misalansa. A gaban aikatau kuma akwai T ko I, wato so-karɓau da ƙi-karɓau. "Discuss" so-karɓau ce, kai tsaye take ɗaukar abin da aka tattauna: "discuss the matter". "About" ɗin da muke cusawa fassarar "a kan" ce daga tattauna a kan batu. "Reply" kuwa sai da "to" kafin wanda aka ba amsa, don haka "reply me" kuskure ne. Inda aka ga sb da sth, gajarta "somebody" da "something" aka yi, ana nuna maka ƙirar jimlar ne: "congratulate sb on sth", "accuse sb of sth", "prevent sb from doing sth". Waɗannan ƙananan kalmomi, on, of, from, tare da aikatau ɗin ake haddace su, kamar yadda ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya.

Sai misalai. In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya a shafin mu bar sauran, misalan za mu ɗauka. A cikinsu ne ake ganin abokan tafiyar kalma. Hausa da "yi" take aikin kuskure da aikin gida duka, Turanci kuwa "make a mistake" amma "do homework". Ruwa mai ƙarfi a wurinmu, "heavy rain" a wurinsu. "Pay attention", "commit a crime", "sit an exam". Babu wata doka da za ta gaya maka dalili, haka masu harshen suka saba, kamar yadda ba wanda zai gaya maka dalilin da ya sa ake yanke hukunci amma ake ƙulla yarjejeniya. Ƙamusoshin nan sukan rubuta irin waɗannan da baƙi mai kauri cikin misalan, wasu ma suna ware musu akwati. Mai dubawa ya karanta misali uku aƙalla, da murya, ba a zuci ba.

Akwai kuma lakabin da ake maƙala wa kalma: "formal", "informal", "slang", "old-fashioned", "disapproving", "offensive". Kalmar hira ba ta shiga takardar neman aiki, "kids" da "guy" su tsaya a majalisa. A nan ne kuma masu neman kalmomi masu ma'ana ɗaya suke faɗawa rami. "Famous" da "notorious" duk shahara ce, amma ta biyun shahara ce a mugun abu, kamar yadda muke cewa riƙaƙƙen ɓarawo ba ma cewa riƙaƙƙen liman. "Slim" yabo ne, "skinny" kusan zagi ne, tazarar siriri da ramamme. Ɗalibin da ya buɗe jerin kalmomi masu kama da juna ya tsinci mafi tsawo don ya burge, yakan rubuta wa shugaban makarantarsa cewa shi, shugaban, "notorious" ne. Duk kalmar da aka samo daga irin wannan jeri, a koma a duba ta ita kaɗai kafin a yi amfani da ita. Masu shirin JAMB su lura da wannan, domin cikin tambayoyi 60 na Turanci akwai na mafi kusa a ma'ana da na kishiya, kuma zaɓin da ke yaudara yakan zama daidai ne a wata ma'anar kalmar, ba wadda ke cikin jimlar ba.

Abin da ƙamusun intanet ya fi na takarda da shi nesa ba kusa ba shi ne murya. Kusa da kowace kalma akwai alamar lasifika biyu, ta Ingila da ta Amurka. Da can sai dai ɗalibi ya kwaikwayi malaminsa, in malam ya karkace aji duka ya karkace. Matsalolin bakin Bahaushe sanannu ne. Ba mu bambanta p da f a harshenmu, don haka "pan" da "fan", "pull" da "full", "pile" da "file" suke cakuɗewa. V takan koma b, "vote" ta zama "boat". Sautin th na "think" yakan koma s, na "then" ya koma z. Ba ma son baƙaƙe su yi cunkoso, sai mu cusa wasali a tsakani, yadda "screw" ta zama sukuru. Wasulanmu biyar ne, gajere da dogo, da tagwaye biyu, Turancin Ingila kuwa yana da tilo 12 da tagwaye 8, shi ya sa "cat", "cut" da "cart" suke fita iri ɗaya. Sai dai muna da wata riba da ba a cika faɗa ba: kunnen da ya saba raba gajeren wasali da dogo ba ya shan wahalar "ship" da "sheep" kamar na wasu maƙwabtanmu.

Yadda ake yi shi ne a danna lasifika sau uku ana sauraro kawai, sannan a faɗa, a naɗi muryar kai da waya, a saurari biyun a jere. Kunne ba ya jin kuskuren baki lokacin da bakin ke magana, sai an mayar masa. A kuma koyi alamomin furuci da ke tsakanin sanduna biyu a gaban kalma. Ba sai an haddace su rana ɗaya ba, a fara da θ da ð da ʃ da ʌ da ə, biyar ke nan. Ta ƙarshen, ə, ita ce wasalin da ya fi yawa a Turanci, raunanan sautin da ke farkon "about" da ƙarshen "teacher". Ɗan ƙaramin layin nan na sama, ˈ, yana zuwa ne kafin gaɓar da ake dannawa. Mu masu karin sauti ne, muna ba kowace gaɓa haƙƙinta, Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa ya tauye sauran. "Record" in suna ce a danna gaɓar farko, in aikatau ce ta biyu. "Success", "develop" da "committee" duk a ta biyu. "Photograph" a ta farko, "photographer" a ta biyu, "photographic" a ta uku. Nan ne kuma za a gane b ɗin "plumber" da "debt" ba a furta ta, haka p ɗin "receipt" da w ɗin "sword". Takardar furuci ta WAEC, mai tambaya 60, a kan waɗannan abubuwa take, kuma ɗalibanmu sukan shige ta da canki-canka alhali amsar tana cikin wayarsu tun suna aji huɗu.

Wace kalma ce ta cancanci duk wannan wahala? Ba kowace ba. Akwai wata cuta da ta daɗe a makarantunmu, ta ɗaukar cewa iya Turanci shi ne jefo kalmar da ba wanda ya taɓa ji. Yaro ya haddace "flabbergasted" da "discombobulate" don ranar muhawara, amma bai iya "afford" da "avoid" da "suggest" a jimla ba. Masana sun daɗe da auna wannan. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma kalmomi dubu biyun farko suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, wanda ke bukatar dangin kalmomi, wato kalma da duk waɗanda suka fito daga tushenta, 8,000 zuwa 9,000. Hanyar da nisa, don haka a fara da waɗanda za a haɗu da su gobe da jibi. Ƙamusoshin sun sauƙaƙa zaɓin. Oxford na da jerin Oxford 3000 da Oxford 5000, da alamar mabuɗi a jikin kalmomin. Cambridge da Oxford suna sa matakai, A1 na mafari, a hau A2, B1, B2, zuwa C. Longman na sa S1, S2, S3 ga dubu ukun da suka fi yawa a magana, W1, W2, W3 ga na rubutu. Ɗan sakandaren da ya duba kalma ya ga ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ya fahimci ma'anarta ya wuce. In ya ga A2 ko B1 ko W1 kuma bai san ta ba, to ya tsaya, wannan bashi ne a kansa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da masu karatun koyarwa su ƙara da jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead na shekarar 2000, dangin kalmomi 570 irin su "analyse", "concept", "significant", "establish", waɗanda ke cika littattafan kowane fanni, daga aikin gona har shari'a.

Wannan lissafi yana kuma taimakawa wajen zaɓen abin karantawa. Shafi mai kalma 300, in baƙin kalmomin ba su wuce 6 ba, littafin daidai kai ne. In sun haura 15, ya fi ƙarfinka a yanzu, za ka ƙare kana karanta ƙamus ne ba littafi ba. A kuma daina tsayawa a kowace kalma. A ja layi da fensir a ƙarƙashinta, a kai ƙarshen shafi, sannan a duba waɗanda suka hana fahimta ko suka maimaitu.

Saura babbar magana, wato riƙewa. Dubawa a waya ba ta da wuya, kuma abin da ya zo a sauƙaƙe a sauƙaƙe yake tafiya. Ɗaukar hoton fuskar waya ba karatu ba ne, hotunan suna can sun haura ɗari ba a sake buɗe ko ɗaya ba. A sayi littafin rubutu mai falle 60 a keɓe shi. Kowace kalma a ba ta layi biyar: ita kanta da alamar gaɓar da ake dannawa, ajinta da alamar C ko U ko T ko I, ma'anar da aka gamu da ita kawai ko da da Hausa ne, misali ɗaya daga ƙamus, sai jimla ɗaya ta mai littafin a kan abin da ya sani. "I cannot afford the fare from Kwangila to Samaru" ta fi zama a kai fiye da kowace jimla a kan jirgin ƙasan Landan. In akwai dangi a rubuta su a gefe: "decide", "decision", "decisive". Kalma 8 a rana ta isa. Kwana 5 a mako, kalma 40 ke nan, mako 50 kuma 2,000. Wanda ya ce zai yi 50 a rana, ranar Laraba zai daina.

Maimaitawa kuwa ba sai mun je Turai neman ta ba. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. Alarammomin Zazzau sun riga shi sanin haka a aikace: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ƙari ba ya hana tilawar baya. Haka za a yi wa kalmomi. A waiwaye su washegari, sai bayan kwana 3, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Sharaɗin shi ne a rufe ma'anar da hannu a jawo ta daga ka. Sake karantawa ido na kallon amsa yaudarar kai ce, kalmar za ta yi kama da sananniya alhali ba za ta zo ba ranar da ake nemanta. Wanda ya fi son kati ya yanka kwali ƙanana, kalma a gaba, ma'ana da misali a baya, ya samu ambulan uku: na kullum, na bayan kwana uku, na mako. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Manhajar AnkiDroid kyauta ce a Android, wannan lissafin take yi da kanta, kuma tana aiki ba data. Amma mutum ya rubuta katunansa da hannunsa, kada ya sauko da tarin da wani ya haɗa.

Littafin nan yana da wani amfanin. Ƙamusun Macmillan na intanet, wanda malamai da yawa suka dogara da shi, an rufe shi a 2023. Shafi na iya ɓacewa, waya na iya faɗawa ruwa ko a sace ta a kasuwar Sabon Gari, ga rashin wuta da ƙarewar data. Saboda irin wannan rana yana da kyau a ajiye ƙamus guda mai aiki ba intanet, irin WordWeb, ko da yake bayaninsa bai kai na masu koyo sauƙi ba. Tsohon Oxford na takarda da ke kan kanta ma kada a ba mai ƙosai. A tara kalmomin yini a takarda, a buɗe data sau ɗaya da dare a duba su gaba ɗaya. Rubutu da 'yar muryar furuci ba su cin data sosai, bidiyon talla da leƙen TikTok "na minti ɗaya" su ne ke cinye ta.

Wani ɗalibi zai ce ai ya ga "severally" da "next tomorrow" a ƙamusun Oxford, me ya sa malam ya soke masa? Gaskiya ne, a Janairun 2020 babban Oxford English Dictionary ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, har da "okada", "danfo", "send-forth" da "Kannywood". Abin alfahari ne. Amma wancan ƙamus na tarihi ne, aikinsa rubuta abin da mutane ke faɗa a ko'ina, kuma ya maƙala musu lakabin cewa na Nijeriya ne. "Severally" a Turancin gama-gari daban-daban take nufi, ba sau da yawa ba. A yi hira da su a gida, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar da za ta ƙetare teku a rubuta "several times" da "the day after tomorrow". Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira da yara suka rungumo yanzu: suna da amfani wajen ƙaro misalai ko duba jimlar da ka gina, amma sukan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin hali, don haka abin da suka faɗa a kan ma'ana ko furuci a gwada shi da ƙamus.

Ga iyaye, musamman masu ɗari-ɗarin ba yara mata waya, ba sai an saya wa yarinya tata ba. Minti 20 bayan sallar isha'i da wayar uwa ko ta uba, a tsakar gida, da littafinta a gefe, ya isa kalma takwas. Uban da bai yi boko ba ma yana iya karɓar littafin ya ce ta faɗa masa ma'anar da Hausa ta kuma gina jimla, zai gane in tana kame-kame.

Ga 'yan'uwanmu malamai kuma, makarantu da yawa sun hana ɗalibai shiga da waya, kuma suna da hujja. Amma ba a hana malami ba. Wayarsa da 'yar lasifikar Bluetooth sun isa aji mai ɗalibi 70 ya ji "pan" da "fan" daga bakin masu harshen. Muna kuma roƙon a ware darasi guda a farkon kowane zango don karanta bayanin kalma ɗaya tak daga sama har ƙasa. A kwafe shi a allo yadda yake, da alamominsa da lambobinsa. "Charge" ta dace da wannan aiki: cajin waya, kuɗin da aka caje ka, tuhuma a kotu, kai farmaki, da "in charge of". A ba su jimla biyar, kowane ɗalibi ya faɗi lambar ma'anar da ta dace da kowace jimla da dalilinsa, sannan a ba su "issue" su yi a gida.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu malaman Turanci,
Zariya, Jihar Kaduna.